Idan kuɗin gini suka yanke a linta

'Yan'uwa, ni ma abin ya same ni a 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000. Ginina ya kai linta, aljihu ya bushe, ga damina tafe.

Shawarata, duk abin da ya rage a hannunka ka zuba shi a rufi. Bulon da ruwan Agusta ya yi wa duka babu kwano a kansa, sai ka taɓa shi da yatsa ka ga yana zubar da yashi. Na gani a katangar maƙwabcina, abin tausayi. Bayan rufi ka gama ɗaki ɗaya da banɗaki, ka sa ƙofa da taga, ku tare. Kuɗin hayar da za ka daina biya shi zai yi filastar sauran ɗakunan. Tayil, silin da fenti duk su jira.

Amma don Allah kada birkila ya lallaɓa ka ka rage rodi ko ka tsawaita kwaɓi. In kwasar adashe ta zo, sayi kwano da rodi ka ajiye. Siminti kuwa sai ana gobe aiki, don yana daskarewa in ya sha danshi.