Yadda nake jagorantar ibadar gida da Zabura 99

Idan jagorantar ibadar safe ta faɗo kanka, kana kuma so iyalinka su yi bimbini a kan sarautar Allah, shawarata ka ɗauki Zabura 99. Ayoyi 9 ne kacal, minti 20 sun isa ko da yara na gyangyaɗi.

Tun da daddare ka karanta ta kai kaɗai, da biro a hannu. Ja layi ƙarƙashin aya ta 3, ta 5 da ta 9, domin kowacce tana ƙarewa da shelar cewa Ubangiji mai tsarki ne. Su ne amshi, su ne kuma suka raba zaburar kashi uku. Da safe kai ka riƙa karantawa, iyali su riƙa amsawa a waɗannan wuraren. Yara suna son wannan ƙwarai. In sun tambayi dalilin maimaitawar, buɗe musu Ishaya 6. A shekarar da Sarki Uzziya ya rasu, bayan ya yi shekara 52 yana sarauta, annabin ya ga Ubangiji zaune a kursiyinsa, mala'ikun da ake kira serafim suna kiransa mai tsarki har sau uku.

A kashi na farko, aya 1 zuwa 3, kada ka bari a roƙi komai. Ubangiji yana mulki, al'ummai na rawar jiki, duniya na girgiza. Ku yi shiru na minti ɗaya. Mun saba da zarar an ce mu yi addu'a sai kuɗin makaranta da ciwon ƙafar Kaka su riga kowa fitowa. Lokacinsu na zuwa, su ɗan jira.

A kashi na biyu, aya ta 4 ce take bukatar ka riƙe ragama. Ta ce wannan Sarki yana ƙaunar gaskiya, shi ya kafa adalci. Da jin haka hira za ta karkata ga gwamnati da masu cin hanci, kafin ka ankara ibada ta zama majalisar mai shayi. Ban ce a rufe baki ba. Wanda aka sace, wanda aka kora daga ƙauyensa, wanda aka ƙwace wa gona, a ambaci sunansa a gaban Allah, a yi kuka in kukan ya zo. Amma daga nan ka juyo da maganar cikin gida. Karanta Littafin Firistoci 19. Aya ta 2 ta ce mu zama masu tsarki domin Allah mai tsarki ne, aya ta 13 ta hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, aya ta 35 da ta 36 kuma suka hana algus a mudu da ma'auni. Sai ka yi tambaya, kai ka fara amsawa: an biya yarinyar da ke taya aikin gida? Mudun da Mama ke sayar da masara da shi, shi ne wanda take saye da shi? Gadon gwauruwar ɗan'uwanmu yana hannun wa? A ganina wanda ya tsallake wannan tambaya bai karanta aya ta 4 ba, ya dai wuce ta kanta.

Kashi na uku ya kawo Musa, Haruna da Sama'ila, mutanen da suka yi kira Ubangiji ya amsa. Aya ta 8 ta ce Allah ya gafarta musu, ya kuma hukunta laifofinsu. Ba da labarin a taƙaice. Haruna ne ya ƙera ɗan maraƙin zinariya a Fitowa 32. A Littafin Ƙidaya 20, saboda abin da ya faru a ruwan Meriba, inda Musa ya bugi dutse maimakon ya yi masa magana kamar yadda Allah ya umarta, aka ce shi da Musa ba za su shiga Kan'ana ba. Musa daga Dutsen Nebo ya hango ta. 'Ya'yan Sama'ila kuwa sun ci hanci, sun karkatar da shari'a, har jama'a suka nemi a naɗa musu sarki (1 Sama'ila 8).

Tabbas wani yaro zai ce, "Baba, in an gafarta, me ya kawo hukunci?" Kada ka yi hanzarin lallashinsa. Bar shi ya juya tambayar tukuna, sannan ku karanta Romawa 3:25-26, inda Bulus ya nuna cewa ta wurin jinin Almasihu Allah ya tabbata mai adalci, ya kuma kuɓutar da mai ba da gaskiya ga Yesu.

Yanzu ne lokacin roƙo. Ku rera waƙa ɗaya da kowa ya haddace, a kawo kuɗin makaranta da ƙafar Kaka, auta ya rufe da addu'a. Idan tambayar aya ta 4 ta tono wani bashi, sa kuɗin a aljihu kafin ka fita, ka biya ta gidan mai shi a hanyarka ta zuwa aiki.