Ƙirga shara daga sama: inda masu jirgi marar matuƙi ke tuntuɓe

Damagaram ba ta da teku, amma dabarar da ake ƙirga sharar roba da ita a gaɓar Kwatano ko Lome za ta yi aiki a bakin tafkunanmu, inda leda ta yi kaka-gida duk da dokar 2014 da ta haramta ta a Nijar. Kurakuran ma ɗaya ne.

Wanda aka fi yi shi ne cilla jirgin can sama don a gama da wuri. Idan jirgi samfurin Phantom 4 Pro yana tsayin mita 100, kowane ɗigon hoto yana cin kusan santimita 3 na ƙasa, marfin kwalba ya ɓace ke nan. A sauko zuwa tsayin mita 20, ɗigon ya dawo wajen rabin santimita. Zai ci batir, amma gara haka. Kowane hoto kuma ya hau kan na bayansa da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, in ba haka ba manhaja ba za ta ɗinke su taswira guda ba.

Sai lokaci. Rana tsaka ruwa na ƙyalli, ba a rarrabe shi da farar leda. Da sassafe inuwar duwatsu da itatuwa kan shige wa baƙar leda. Hantsi ya fi. A Afrilu da Mayu wannan dole ne ma, domin an ƙera jirgin ya yi aiki ne zuwa digiri 40, zafinmu kuwa yana zarce haka. Ranar hazo a haƙura.

Mutanen gaɓar teku suna jira ruwa ya janye kafin su tashi. Mu namu janyewar ta shekara ce, saboda haka hoton Satumba ba a gwada shi da na Maris a ce shara ta ƙaru.

Babban kuskure a ganina shi ne yarda da hoto kaɗai. Abin da laka ta binne ko ciyawa ta rufe, kyamara ba ta gani. A keɓe ɗan fili, a ƙirga da hannu a ranar, a gwada da abin da kwamfuta ta bayar.

Kafin duk wannan, a nemi izinin hukumar jiragen sama, ANAC, a kuma gaida mai unguwa. A Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, gidaje na manne da juna, babu magidancin da zai so kyamara ta leƙa tsakar gidansa.