Yadda gidauniya za ta bayyana tallafinta a intanet

Duk mai son bin diddigin kuɗin gidauniya tambayoyi huɗu yake zuwa da su: wa aka ba, nawa, yaushe, kuma don wane aiki. Hotunan rabon kaya da jimillar ƙarshen shekara ba sa amsa ko ɗaya. Sai an fitar da kowane tallafi shi kaɗai.

Ku fara da jadawali, kowane tallafi da layinsa. Tsarin wallafa bayanan tallafi na ƙungiyar 360Giving, da aka kafa a Birtaniya a 2015, abin koyi ne. Gurabe 10 ya wajabta: lambar tallafin, takensa, bayaninsa, nau'in kuɗi, adadi, ranar amincewa, sunan mai karɓa da lambarsa, sunan mai bayarwa da lambarsa. Kada ku raina lambar rajistar mai karɓa. Ƙungiya ɗaya kan bayyana da rubutun suna iri uku a takardunku, in babu lamba sai mai lissafi ya ɗauka ƙungiyoyi uku ne.

Ku ɗora jadawalin a CSV ko Excel, wato nau'ikan fayil ɗin jadawali da kwamfuta ke iya lissafi da su. PDF, balle wanda aka ɗauki hotonsa daga takarda, ba a iya tace shi ko tara alƙalumansa. Gurbin adadi lambobi zalla za a sa, ba waƙafi ba alamar kuɗi. Kwanan wata kuwa a fara da shekara, kamar 2024-03-04, domin 03/04 Maris ne a Amurka, Afrilu ne a Ingila.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne cakuɗa alkawari da biya. A ce an amince da dala 300,000 na shekara 3. Idan aka sanar da shi gaba ɗaya a shekarar farko, sannan aka sake lissafa dala 100,000 duk shekarar da aka biya, mai karatu zai ga 600,000 alhali rabinsu ne suka fita. Ku ware gurbi biyu, na abin da aka amince da na abin da aka riga aka biya. Fom 990-PF da gidauniyoyi masu zaman kansu ke cikewa a Amurka haka yake raba su, sai dai yakan haura shekara kafin ya isa hannun jama'a, don haka bai wadatar ba.

Ku wallafa sunayen 'yan kwamitin amintattu, kuɗin gudanarwa, da ƙa'idar zaɓen masu karɓa. Idan wani amintacce yana da alaƙa da ƙungiyar da aka ba tallafi, a rubuta, a kuma faɗi ko ya ƙaurace wa zaman da aka yanke shawarar. Wannan shi ne layin da aka fi jin nauyin rubutawa, shi ne kuma ya fi kare mutuncin gidauniya.

Ba kowane suna ake fitarwa ba. Marayu, marasa lafiya da ɗalibai a haɗa su a jimilla, haka ma ƙungiyar da bayyana sunanta zai jefa ma'aikatanta cikin haɗari. Amma a faɗi tallafi nawa aka sakaya, jimillarsu nawa, da dalili.

A sabunta jadawalin duk wata 3, a sa ranar sabuntawa a sama, a ɗora alhakin a wuyan ma'aikaci guda. Ƙarshen shekara a gwada jimillarsa da rahoton mai binciken asusu. In sun saɓa, a gyara a bainar jama'a, a bar tsohon fayil ɗin inda kowa zai iya kwatantawa.