Yadda ake ɗaura kujerun yara uku a bayan mota ɗaya

Ranar da aka sallamo maiɗakina daga asibiti da ɗanmu na uku, a nan Jidda, na buɗe ƙofar bayan mota riƙe da kujerar jariri, sai na ga babu inda za ta shiga. Kujerar babbar 'yarmu mai shekara bakwai tana dama, ta ƙaninta mai shekara uku da rabi tana hagu, ɗan filin da ya rage a tsakani ko jakar hannu da ƙyar zai ɗauka. Mahaifiyata, wadda ta zo umara ta tsaya zaman jego, ta ce, "Kawo shi nan in riƙe, ai a cinya muka rene ku." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki ba ni minti goma." Da yake manyan suna gida, na cire kujerunsu na sa a but, na ɗaura ta jaririn. Amma washegari matsalar tana nan tana jirana, kuma sai da na yi mako biyu kafin na warware ta.

Dalilin da ya sa ban miƙa wa Hajiya jaririn ba shi ne, karo a gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Babu hannun da zai iya riƙe yaro a wannan lokaci, komai ƙaunar mai hannun. Kuma wanda ya san titin Jidda zuwa Makka ya san ba a gudun 50 ake tafiya ba.

Mataki na farko, kafin ka kashe ko riyal ɗaya, shi ne awo. Ka ɗauki tef ɗin awo irin na kafinta, ka shiga bayan motar, ka rufe ƙofofin biyu, sannan ka auna. Rufe ƙofar yana da muhimmanci, domin madafar hannu da ke jikinta tana cinye santimita da yawa waɗanda ba ka ganinsu idan ƙofa a buɗe take. Ka auna faɗin a kan mazauni, ka sake aunawa a daidai kafaɗa, sannan ka auna tsakanin maɓallan bel na wurin zaman tsakiya, wanda kusan kullum shi ne mafi ƙunci. Yawancin kujerun yara faɗinsu tsakanin santimita 43 ne zuwa 50. Uku masu 44 sun zama 132 ke nan, ka ga motoci irin su Corolla da Elantra sai da dabara. Sai dai lissafi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin kowace kujera akwai inda ta fi faɗi, wata a gindi, wata a kafaɗa, wata a wurin ajiye kofi.

Daga nan sai littafin motar, wanda yawancinmu ke bari a aljihun gaba har a sayar da motar ba a buɗe shi ba. Ka nemi shafin kujerun yara, ka ga waɗanne wurare ne ke da ISOFIX. Wasu ƙarafa biyu ne da ke ɓoye a lungun da mazauni da majingina suka haɗu, santimita 28 tsakaninsu, an haɗa su da ƙashin motar. Idan ka cusa yatsa za ka taɓa su. A motocin da aka ƙera don Amurka sunan tsarin LATCH. A mafi yawan ƙananan motoci, wuraren gefe biyu ne kawai ke da su, tsakiya babu.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Sai mutum ya ɗauki ƙarfe ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama, ya maƙala kujerar tsakiya a jikinsu. Kada ka yi haka sai idan littafin motar da na kujerar duk sun yarda a rubuce, kuma kada ka taɓa maƙala kujeru biyu a ƙarfe ɗaya. Kujerar tsakiya da bel ɗin mota ake ɗaure ta, kuma bel ɗin da aka ɗaura daidai bai gaza ISOFIX ƙarfi ba. Abin da ISOFIX ya fi shi da shi, sauƙin ɗaurawa ne da ƙarancin kuskure.

Sai ka tabbata kowane yaro yana cikin kujerar da ta dace da jikinsa, ba shekarunsa kaɗai ba. A jikin kujerun da aka yi bisa ƙa'idar Turai akwai wata takarda ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira. Tsohuwar ƙa'ida, R44, da nauyi take aiki: ta jarirai har kilo 13, ta gaba daga 9 zuwa 18, ta manya daga 15 zuwa 36. Sabuwar, R129, wadda ake kira i-Size, ta fara aiki a 2013, da tsayi take aiki, kuma ta wajabta yaro ya fuskanci baya har aƙalla wata 15. Ni a ganina wata 15 ɗin nan mafi ƙaranci ne, ba buri ba. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, idan yana fuskantar baya majinginar kujerar ce ke tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. A Suwidin sukan bar yara a haka har wajen shekara huɗu. Kada ka juya yaro gaba da wuri, ko ka mayar da shi kujerar manya kafin lokaci, don kawai kujeru su samu shiga.

Yanzu sai jeri, wa zai zauna ina. Nan ne aikin yake, kuma nan na ɓata mako biyun nan. Kujeru uku masu fuskantar gaba kafaɗunsu ne ke karo da juna. Idan kuwa aka cuɗa su, ɗaya tana kallon gaba, ta kusa da ita tana kallon baya, sai faɗin wannan ya faɗa inda waccan ta tsuke, kamar yadda ake jera takalma a kwali, kai da ƙafa. A motarmu, abin da ya yi aiki shi ne jariri a tsakiya yana fuskantar baya, ɗaure da bel; mai shekara uku da rabi a bayan direba, a kan ISOFIX; babbar a dama cikin kujerar ƙarin tsayi mai majingina, wadda bel ɗin mota ke ratsa jikinta. Na zaɓar mata dama ne domin ita ce ke sauka da kanta a ƙofar makaranta, kuma a Saudiyya dama ne gefen da ba ya kallon motoci.

Ko da hakan sai da na sauya kujerarta da wata mafi siranta. Ta farkon ta shiga, ƙofa ta rufe, na ɗauka an gama. Da ta zo ɗaura bel sai na ga hannunta ba ya kaiwa ga maɓallin, ya nutse tsakanin kujerarta da ta jariri. Tana ta laluba, sai na ji ƙas, ashe bel ɗin jaririn ta kwance ba ta sani ba. Da a kan hanya ne, da mun yi tafiya da kujerarsa a sake babu wanda ya lura. Tun daga ranar, ni ko mahaifiyarsu ne ke ɗaura mata, kuma muna duban maɓallan biyu da ido kafin a tashi mota. Akwai wani ɗan ƙarin maɓalli da ake sayarwa a intanet don tsawaita bel. Kada ka saya, ba a gwada kujerar da shi ba, kuma yana kauce da bel daga inda ya kamata ya bi.

In da hali, ka je kanti da motar da sauran kujerun, ka roƙi mai kanti ya bari a gwada a waje. In ya ƙi, ka tambayi sharaɗin mayarwa kafin ka biya, ka adana rasit da kwali.

Wajen ɗaurawa, ka fara da ta tsakiya, domin ita ke buƙatar fili. Ka bi da bel ta hanyar da aka yi wa alama: a kujerun R44 shuɗi na fuskantar baya ne, ja na fuskantar gaba, sababbin R129 kuma kore suke sawa. Ka danna kujerar da nauyin jikinka, ka ja bel ɗin har ya ƙare, kada ya murɗe, ka kulle shi yadda littafin kujerar ya nuna. Ta jariri tana da alamar kwanciya a gefe, ka tabbata ta daidaita, domin idan ta miƙe da yawa kansa zai rinjayo kan ƙirji ya takura numfashi. Ta ISOFIX kuwa, ka tura har ka ji ta kama, alamun biyu su koma kore. Sannan kada ka manta da madogara ta uku: ko dai igiyar sama da ake maƙalawa a ƙugiyar bayan kujera, ko ƙafar da ke tokare ƙasan mota. Idan ƙafa ce, kada ta tsaya a kan murfin ma'ajiyar da wasu motoci ke da ita a ƙasa, sai in littafin motar ya halatta.

Ga gwajin da bai kamata ka tsallake ba. Ka kama kujerar a daidai inda bel ko ISOFIX ya riƙe ta, ka girgiza hagu da dama, gaba da baya. Kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Amma kujeru uku a matse sukan yaudari mutum: sai ka ga babu mai motsi, alhali maƙwabtanta ne suka tokare ta, ba bel ba. Don haka ka cire na gefe, ka girgiza ta tsakiya ita kaɗai, haka kowacce. Kujeru su taɓa juna ba laifi ba ne, amma idan ɗaya ta hau kan ɗaya, ko ta karkatar da ita, ko sai an danna ƙofa da ƙarfi take rufuwa, jerin bai yi ba.

Ɗaure yaron kansa ba ya ɗaukar lokaci. Mai fuskantar baya, igiyoyin su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. Mai fuskantar gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Ka ja har sai ka kasa tsinkular igiyar da yatsu biyu a kan ƙashin wuya. Jariri kada a naɗe shi da zane ko bargo kafin a ɗaure, a ɗaure tukuna sannan a lulluɓa. Babba kuwa, bel ya bi ta tsakiyar kafaɗa da saman cinya, ba wuya da ciki ba, kuma ya ci gaba da hawa kujerar ƙarin tsayi har ya kai santimita 135 aƙalla. Idan bel ɗin tsakiyar motarka na cinya ne kawai, babu na kafaɗa, kada ka sa irin wannan kujera a wurin.

Idan ka gwada kowane jeri abin ya ƙi, kada ka mayar da babba gaba. Dokar Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Saudiyya, ta hana yaro ɗan ƙasa da shekara 10 zama a gaba, kuma rashin kujerar yara laifi ne da ake cin tara a kansa. Kujera mai fuskantar baya kuwa ba a taɓa sa ta gaban jakar iska (airbag, wadda ke kumburowa lokacin karo) da ke aiki. Mafita ita ce siraran kujeru, ko mota mai layi uku irin su Innova da Carnival. Ko a nan ka duba littafi, domin layi na uku sau da yawa ba shi da ISOFIX ko ƙugiyar igiyar sama, sai ya fi dacewa da babban yaro.

Na san kujeru uku kuɗi ne, kuma na san na gwanjo da araha. Amma kujerar da ba ka san tarihinta ba, ba ka san ko ta taɓa shiga hatsari ba, kuma tsagewar ciki ba a ganinta da ido. Masu ƙerawa sukan ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10, ranar ƙira tana buge a ƙasanta. In za ka karɓi tsohuwa, ka karɓa daga ɗan'uwa ko maƙwabcin da zai faɗa maka gaskiya.

Sai zafi. A watan Yuli, motar da ta wuni a rana a Makka ko Jidda, ƙarfen maɓallinta yana iya ƙona cinyar yaro. Muna ajiye farin tawul muna rufe kujerun idan mun sauka, kuma ina taɓa ƙarfen da bayan hannu kafin in zaunar da kowa. Lokacin umara da aikin hajji, baƙi daga gida ba sa yankewa, kullum ana cire kujeru a ɗauko mutane daga filin jirgi a mayar. Duk sanda aka mayar, ko aka dawo daga wankin mota, sai in sake girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Kujerar babbar kuma, ranar da ba ta cikin motar, ina ɗaure ta da bel ko babu kowa a kanta, don kada birki ya wurgo ta kan ƙannenta.