Yadda za ka ci tuwonka da shinkafarka ba tare da fargabar ciwon suga ba

Akwai wani abokina a nan Birnin Kebbi da ya daina cin tuwo wata uku ke nan, wai ya gani a TikTok kabohaidiret ne ke kawo ƙiba da ciwon suga. To madalla. Amma kullum da safe sai in tarar da shi wajen mai shayi, an cika mai kofi da madara, suga cokali huɗu, ga rabin biredi yana tsomawa, da rana kuma lemon kwalba mai sanyi saboda zafin garinga. Na ce Malam, ai tuwon da ka guda ya fi wanga abin da kake sha imani.

Shi kabohaidiret ba wani dodo ba ne, sitaci ne da suga da ke cikin gero, dawa, shinkafa, rogo, dankali har da mangwaro, in ka ci sai jiki ya narkar da shi ya shiga jini, insulin, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita suga, ya tura shi cikin tsoka ka samu ƙarfin aiki. Giram ɗaya nashi kalori 4 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na mai kuwa 9. Sunanshi ya fara ɓaci sosai tun 1972 da wani likitan Amurka, Robert Atkins, ya fito da tsarin rage ƙiba na gudun sitaci, sannan inji ya zo ya ƙarasa, don in aka goge shinkafa ta yi fari fat ko aka tace alkama ta zama fulawa, dusar da ke sa abinci ya narke a hankali ita aka zubar wa dabbobi, abin da ya rage sai ya faɗa jini lokaci guda. Ga zama kuma. Kakanninmu da ke wuni suna cuɗa laka a fadamar Argungu sun ci malmala uku ba abin da ya same su, mu kuwa daga kan mashin sai benci a shago.

To ga yadda nake yi. Fara da abin sha, nan ne ɓarnar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in da hali kada sugan da ake ƙarawa ya wuce giram 25 a rana, kusan ƙaramin cokali shida, alhali gwangwanin Coke ɗaya na da kusan giram 35. Kar ka ce za ka yanke gaba ɗaya rana guda, ba za ka iya ba wallahi, rage cokali ɗaya duk sati har bakinka ya saba. Haka kunu, haka zoɓo, haka fura, a dama da nono sosai, suga ɗan kaɗan ko ma babu.

Sai faranti. Ka raba shi a ido: rabi ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa. Mu nan akasin haka muke yi, tsaunin shinkafa da ɗan miya a ka kamar hula. Ganye kuwa ba tsada gare shi ba, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, ga kifin Yauri in aljihu ya yarda. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka da miya mai yawa, ka fara da kwaɗon zogale kafin ka kai ga tuwon, za ka ga ka ƙoshi da wuri. In shinkafa ce a sa mata wake da yawa, ba ƙwaya goma na ado ba, kuma turararriya ta fi ɗanyar ta tuwo jinkirin tada suga. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya yi tas ba, shi ma ka riƙa sako shi cikin sati, duk da na san uwargida za ta ce bai da kyan gani.

Bayan cin abinci kar ka miƙe a tabarma, taka minti goma ko sha biyar, tafiya masallacin Isha'i da ƙafa ma ta isa, musamman in ka zaɓi na nesa kaɗan.

Wanda kuma likita ya riga ya ɗora kan maganin suga ko allurar insulin, kar ya yanke tuwo da kanshi don ya ga bidiyo, suga na iya faɗuwa ƙasa mutum ya kama rawar jiki da zufa har ya suma, a koma asibiti a daidaita magani da abincin tare. Shi abokin nawa yanzu ya sauko cokali biyu, jiya ma na gan shi da malmalar tuwon dawa da miyar kuka, biredin ne dai har yau ya ƙi rabuwa da shi.