Darasi na Tara: Neman Taimakon Hukuma ga Mai Ciwon Ƙwaƙwalwa da Mai Jinyarsa

Ƙwaƙwalwa ita ke tafiyar da jiki. Da ita muke magana, da ita muke tuna sunayen 'ya'yanmu, da ita muke gane hanyar gida. Idan ta samu matsala, babban mutum mai iyali yana iya komawa sai an ba shi abinci a baki, sai an yi masa wanka. A wannan darasi za mu kira marar lafiyar "majinyaci". Wanda yake kula da shi a gida kuwa shi ne "mai jinya". Ku riƙe kalmomin nan biyu, don za su yi ta dawowa.

Abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar babban mutum

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa idan jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo ta. Akwai kuma buguwar kai, kamar a hatsarin mota ko babur, ko faɗowa daga sama. Mutum yana iya warkewa daga raunin da ido ke gani, amma halinsa ya sauya, ya riƙa saurin fushi, ko ya kasa riƙe magana a kansa. Akwai farfaɗiya, akwai ciwon karkarwa da ake kira Fakinsin.

Sai ciwon mantuwa. Mafi yawansa shi ne nau'in da ake kira Alzheimer, sunan wani likita ɗan ƙasar Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya, kuma kusan mutum miliyan 10 ke kamuwa da shi kowace shekara. Mutane kan ce, "Ai tsufa ne." Tsufa yana sa a manta inda aka ajiye makulli. Amma idan dattijo ya riƙe makulli bai san amfaninsa ba, ko ya tambayi 'yarsa ta cikinsa wace ce ita, wannan ciwo ne, kuma akwai abin da za a iya yi masa.

Abu ɗaya ba ya jiran takarda ko layin ofis. Idan bakin mutum ya karkace nan take, ko hannu ɗaya ya mutu, ko maganarsa ta daina fita daidai, a kai shi asibiti a lokacin. Maganin da ke narkar da jinin da ya toshe jijiya yana aiki ne a cikin 'yan awannin farko kawai. A lura da agogo, a faɗa wa likita ƙarfe nawa abin ya fara.

Me hukuma ke bayarwa?

Amsar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Jamus ta kafa inshorar kula da masu doguwar jinya a 1995, Japan ta yi nata a 2000, inda duk wanda ya kai shekara 40 yake biyan kasonsa. A Ingila, mai jinyar da ke yin aƙalla awa 35 a mako yana iya neman alawus idan ya cika sauran sharuɗɗa. A jihar Kaliforniya ta Amurka, wata doka ta 1984 ta samar da cibiyoyi na musamman don iyalan manyan da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. A wasu ƙasashen kuwa abin da ake da shi bai wuce ɗan sashe a asibitin gwamnati da ofishin jin daɗin jama'a ba. Ko da kaɗan ne, wanda bai tambaya ba ba zai samu ba.

Ƙofa ta farko ita ce ta likita. Shi ne zai duba ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta a takarda. Wannan takarda ita ce mabuɗin sauran ƙofofi, don kusan kowane ofishi sai ya nemi ganinta. A yi mata kwafi, a ajiye ta asali a gida.

Bayan likita sai masu gashin ƙashi, waɗanda ke motsa gaɓoɓi su koya wa majinyaci zama da tsayuwa da tafiya. Akwai masu koyar da magana da haɗiya, akwai masu koya wa mutum sa riga da riƙe cokali da hannun da ya rage masa. Aikinsu yana tafiya a hankali, kuma rabinsa a gida ake yi. Saboda haka mai jinya ya shiga ɗakin tare da majinyaci, ya kalli yadda ake yi, ya gwada a gaban ma'aikacin kafin ya tafi. Ta hannunsu kuma ake sanin inda ake samun keken guragu, sandar dogarawa, da katifar da ke rage gyambon kwanciya.

Ofishin jin daɗin jama'a shi ke kula da rajistar masu buƙata ta musamman, da tallafin kuɗi ko ragin kuɗin magani a inda ake da su. Manyan asibitoci da yawa suna da irin wannan jami'i a cikinsu, mutane suna wuce ƙofarsa kullum ba su san aikinsa ba.

Akwai batun dukiya da sa hannu. Mai ciwon mantuwa wata rana zai kasa tafiyar da kuɗinsa na banki ko fansho. Tun yana gane abin da ake faɗa masa ya kamata ya zaɓi wanda zai wakilce shi, a rubuta a gaban lauya da shaidu. Idan aka bari sai hankali ya gushe, sau da yawa sai an je kotu, kuma a nan ne 'yan'uwa ke ɓatawa.

Mai jinya shi ma mai buƙata ne

Wannan shi ne sashen da aka fi mantawa da shi, kuma ni a ganina shi ya fi muhimmanci. Kowa da ya shigo gida majinyaci yake tambaya. Ba safai ake juyawa a ce da mai jinya, "Ke fa, yaushe rabonki da barci?" ba. Na ce "ke" domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na awannin da ake kashewa wajen jinyar masu ciwon mantuwa, mata ne ke yin su. Ciwon baya daga ɗaga majinyaci, rashin barci, barin sana'a, fushin da ke zuwa a bi shi da nadama, duk suna cikin jinya. Wadda ta ji haka ba muguwa ba ce, gajiya ce ta kai mata.

Saboda haka ne aka ƙirƙiro abin da ake kira hutun mai jinya. Wani ma'aikaci yana zuwa gida ya zauna da majinyaci na wasu awanni, ko a kai majinyacin cibiyar yini da safe a ɗauko shi da yamma, ko a kwantar da shi a wurin kula na 'yan kwanaki. Mai jinya ta samu ta yi barci, ta ga likitanta, ta ziyarci danginta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda yawancin ƙasashe suka amince da ita, ta ambaci wannan hutu da sunansa a cikin taimakon da ya kamata gwamnati ta ba iyalai marasa ƙarfi. Ke nan mai neman sa ba roƙo take yi ba. Inda hukuma ba ta da shi, iyali su tsara nasu: a rubuta ranakun mako, a sa sunan mutum a gaban kowace rana, a manna a bango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma ƙungiyoyin masu jinya, inda suke haɗuwa su koya wa juna dabaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da darussa kyauta ga masu jinyar ciwon mantuwa, sunansu iSupport, ana samunsu a intanet.

Littafin jinya

A nan ne karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Likita yana ganin majinyaci na 'yan mintuna, ku kuwa kuna tare da shi dare da rana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai a gaban likita kai yakan ɗauki zafi a manta komai. Ku sami ƙaramin littafi. A shafin farko ku rubuta sunan majinyaci, shekarunsa, sunan ciwon, da sunan kowane magani da lokacin shansa. Kwafe sunan maganin daga jikin kwalinsa harafi bayan harafi. Sauran shafukan na kullum ne, layi ɗaya ko biyu sun isa:

Litinin. Baba ya faɗi a banɗaki da asuba. Bai ji ciwo ba.
Talata. Ya ƙware sau 2 yana shan ruwa.
Laraba. Ya farka ƙarfe 2 na dare yana neman fita. Na yi barcin awa 3.

Ku lura da layin ƙarshe. Mai jinya ta rubuta nata halin, kuma daidai ta yi.

Karatu: A ofishin jin daɗin jama'a

Mutum biyu su karanta da ƙarfi, ɗaya mai jinya, ɗaya jami'a.

Mai jinya: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malama.
Jami'a: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baiwar Allah. Bismillah, zauna. Me ke tafe da ke?
Mai jinya: Mahaifina ne, ɓarin jikinsa ya shanye wata 4 ke nan. Ga takardar likita.
Jami'a: Allah ya ba shi lafiya. Wa ke kula da shi?
Mai jinya: Amin. Ni kaɗai ce. Ga littafin da nake rubuta komai.
Jami'a: Madalla. Na ga yana ƙwarewa da ruwa. Wannan sai mai koyar da haɗiya ya gan shi da wuri. Ke kuma na ga ba kya barci.
Mai jinya: Wallahi haka ne, Malama. Akwai wanda zai iya karɓata ko na yini ɗaya ne?
Jami'a: Bari mu cike fom tukuna, sai in duba abin da muke da shi.
Mai jinya: Na gode. Don Allah a karanta mini kafin in sa hannu. Kuma yaushe zan dawo, wa zan nema?
Jami'a: Ranar Alhamis. Kawo littafin in rubuta miki sunana.

Wani lokaci za a ce muku babu, ko a ce ba nan ba ne. Kada ku fita sai kun tambayi inda za ku je. Ku rubuta ranar da sunan ofishin, kuma kada ku bar wa kowa takardarku ta asali.

Aiki

Kowa ya buɗe shafi a littafinsa ya rubuta kwana 3 na jinya, ko na wani da ya sani ba tare da sunansa ba, ko na misali. Daga nan ya rubuta tambayoyi 2 da zai yi wa likita, da 1 da zai yi wa jami'ar jin daɗin jama'a game da kansa. Kafin darasi na gaba, ku binciko inda ofishin jin daɗin jama'a mafi kusa da ku yake, da ranakun da yake buɗewa, ku zo da shi a rubuce.