Yadda ake raba fadama da ƙaidaji

Mai noman rani a bakin kogin Galma ko na Kubanni a Zariya ba ya buƙatar a nuna masa ƙaidaji: ƙaya ce ta kama riga, furensa dunƙule ruwan hoda, ganyensa na rufewa da zarar an taɓa shi. Dangin wake ne, asalinsa ƙasashen Amurka masu zafi, kuma inda ruwa ke kwanciya yake so. In an ƙyale shi yakan kai mita 6.

Ka fara aikin bayan ruwa ya janye, ƙasa na da sauran laushi. Takalmin roba da safar hannu ta fata dole ne, ta yadi ba ta tare komai.

Inda sabbin manoma ke faɗuwa shi ne kututture. Sai mutum ya sa adda ya sare itacen daidai gwiwa, ya ga fili ya buɗe, ya tafi. Ba a jimawa kututturen zai tofo da rassa fiye da na da. Sare rassan don ka samu hanya ne kawai. Bayan nan ka tone gindin da diga har saiwar ta bayyana, ka datse ta da gatari a ƙarƙashin ƙasa, aƙalla santimita 10, ka fitar da kututturen gaba ɗaya. Idan ya ƙi motsi, akwai saiwar gefe da ba ka yanke ba, ka neme ta. In 'yan ƙwadago za ka sa, ku yi jinga a kan kututturen da aka tumɓuke, kada a kan faɗin fili, in ba haka ba sama-sama za su yi maka.

Kada ka yi shinge da reshen da ke ɗauke da 'ya'ya, ko da ƙayar ta ba ka sha'awa. Kwanson mai gashi ne, yana karyewa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya, ruwa ya kwashe su ya baza. Ƙwayar kan yi shekaru a ƙasa ba ta mutu ba.

Tara rassan wuri guda su bushe, sannan ka ƙone su a tsibi. Wutar da aka saki a fili takan sa iri ya tsiro ne. Da damina ta faɗi ka riƙa zagayawa kana cire ƙananan da hannu, kuma ka yi wa maƙwabcinka na saman rafi magana ya tone nasa.